Kafin ka miƙa wayarka a tura maka fim ɗin soyayya mai ban dariya

Masu son fim ɗin soyayya da ba na rawa da waƙa ba, irin wanda ƙananan kamfanoni ke yi da kuɗi kaɗan, sun san wahalar samunsa a Katsina. Ka je shagon turi ka tambaya, yaron shago zai buɗe maka jerin Indiya-Hausa da na Koriya ya ce zaɓi. To ga guda uku da ake iya samu idan an nace, da wanda nake ganin ya cancanci kuɗinka.

Na Wes Anderson, Moonrise Kingdom na 2012, yara biyu ne 'yan shekara 12 suka gudu daga gida a wani tsibiri na Amurka a 1965. Komai a tsakiyar hoto, komai a jere, launi kamar an goge shi da tsumma. Kyau kam akwai, amma ni ban ji zuciyar kowa ta buga ba. Amélie kuma, na Jean-Pierre Jeunet, 2001, Faransanci ne zalla, kuma akwai wuraren da ba za ka so ƙanwarka ta shigo ɗaki kana kallo ba. A wuce wurin.

Nawa shi ne The Lunchbox na 2013, fim ɗin farko na Ritesh Batra. A birnin Mumbai akwai masu kai abincin rana daga gidaje zuwa ofisoshi, ana ce musu dabbawala, sana'ar da ta faro tun 1890, kuma sun shahara da rashin kuskure. Batra sai ya ce to a ce sau ɗaya sun yi kuskure fa? Ila, matar aure da mijinta ya daina kula ta, ta zage ta yi girki na gani na faɗa don ta jawo hankalinsa. Kwanon ya ɓace hanya ya sauka a teburin Saajan, ma'aikacin ofis da matarsa ta rasu, yana dab da ritaya. Kwano ya dawo a suɗe tas. Daga nan suka fara saka 'yar wasiƙa a cikin kwano. Amsarsa ta farko ba godiya ba ce, cewa ya yi gishiri ya yi yawa. Ita kuma washegari ta zambaɗa masa barkono.

Marigayi Irrfan Khan ne Saajan, Nimrat Kaur ce Ila. Salon Batra shi ne haƙuri. Zai ajiye kyamara a kan fuskar Irrfan yana buɗe kwanuka ɗaya bayan ɗaya, yana shinshinawa, yana waige kada abokin aiki ya ga takardar, ba kiɗa ba magana, kuma a nan dariyar take. Akwai wata gwaggo da ke zaune a saman benen Ila, har fim ya ƙare ba a nuna fuskarta ba, murya kawai, sai kwando da take zurowa da igiya ta taga da kayan yaji a ciki. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san irin wannan gwaggon da ke ba da shawarar aure ta kan katanga. Ga kuma Nawazuddin Siddiqui, sabon ma'aikaci mai naci, wanda ke yanka kayan miya a kan fayil ɗin ofis a cikin jirgin ƙasa. Fim ne da za ka kalla da iyali ba ka riƙe rimot a hannu ba.

Amma fa zaɓen fim shi ne mai sauƙi. Inda ake cutar mutane shi ne wurin turi.

Idan aka ce maka akwai mai fassarar Hausa, ka ce a kunna maka tukuna. Mai fassara ba ya ƙaunar shiru. Duk inda 'yan wasa suka yi tsit sai ya cusa barkwancinsa, alhali wannan fim rabinsa shiru ne. Ka nemi na asali mai rubutu a ƙasa, domin Ila da Indiyanci take rubuta wasiƙunta, Saajan kuma da Turanci. Ka tabbata rubutun yana tafiya daidai da baki, ba yana riga maganar fita ba. Kada ka tsaya kan farkon fim kawai, ka ja zuwa tsakiya da ƙarshe. Tsawonsa awa ɗaya da minti arba'in da 'yan kai ne. Ka ga ƙasa da haka, an gutsure. Ƙarshensa dama a buɗe daraktan ya bar shi, don haka wanda aka yanke wa mintin ƙarshe ba zai ma gane an cuce shi ba. Wanda aka matse ya koma mega 200 kuwa, fuskar Irrfan za ta zama dusu-dusu, kuma fuskar ce ka biya kuɗi ka gani.

Sai babbar masifa, memori na jabu. Wani mai shago a wajen Ƙofar Ƙaura ya taɓa sayar mini da wanda aka rubuta giga 32 a jikinsa, waya ma ta nuna 32. Ashe cikinsa bai kai haka ba ko kusa. Irin wannan katin, idan ainihin wurinsa ya cika, sai ya riƙa karɓar sabo yana lalata na baya ko sabon kansa, sunayen fayil suna nan amma ba sa buɗuwa. Fina-finan ba su dame ni ba kamar hotunan sunan ɗiyar yayata da suka tafi tare. Da na koma, cewa ya yi wayata ce ke da bairos.

Don haka memori mai arhar banza, ko an buga SanDisk a jikinsa, ka bar masa kayansa. Idan kana da kwamfuta, akwai manhajar H2testw da ke cika kati ta karanta ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Idan babu, ka sa a cika shi a gabanka, sannan ka buɗe fim ɗin da aka fara turawa da kuma na ƙarshe. Mai shagon da ya ce sauri yake yi, akwai layi, karɓi wayarka ka matsa shago na gaba.