Albasar Galmi a bakin tekun Busuwa

Yaya, ina gaisuwa da fatan an tashi lafiya. A gaida Inna da duk mutanen Bagalam.

Ka ce in riƙa ba ka labarin kasuwar Gana. To, makon jiya da muka sauke kaya a Takoradi na samu sarari, na shiga ƴar bas ɗin da suke kira torotoro zuwa Agona, daga can na ɗauki tasi zuwa wani ƙauyen masunta mai suna Busuwa. Wajen kilomita 30 ne yamma da Takoradi. Shiru kake ji, sai rurin teku da bishiyoyin kwakwa. Ni da na tashi ina ganin Gulbin Maradi yana ƙafewa kowane rani, Tafkin Madarunfa ne babban ruwa a wurina, sai da na daɗe tsaye ban ce uffan ba.

Sana'ar samarin garin ita ta fi ba ni mamaki. Hayar allo suke bayarwa, dogo kamar ƙyauren ɗaki amma ba nauyi, an shafe samansa da kaki don kada ƙafa ta zame, da igiya da ake ɗaura wa mutum a idon sawu. Bature ya taso tun daga Jamus ko Ingila, ya biya kuɗin awa, ya kwanta ruf da ciki yana iyo da hannu, in igiyar ruwa ta taso ya miƙe tsaye ta kawo shi gaɓa. Yawancinsu faɗuwa suke yi, suna dariya, su sake biya. Na gwada. Ruwan gishirin da na sha ya isa miyar gidanmu ta wata guda. Amma yaron da ya koya mini bai matsa daga gefena ba, ya nuna mini inda ruwa ke ja da mutum ciki, kuma abin da muka yi ciniki shi ya karɓa, ba "a ƙara na goro". Ta waya ma na biya shi, don a nan har mai sayar da kwakwa tana karɓar MoMo.

Kifi kam sai dai a yi shiru. Daga kwalekwale zuwa kan garwashi, a haɗa maka da dokunu, tuwon masararsu, da barkono. Nama kuwa tsada ga tauri, ko kusa bai kai tsiren tasha ba, kilishi kuma ko labarinsa. Fura na nema har na gaji. Ɗakin kwana fes, da gidan sauro da fanka, sai dai laimar teku ta cinye duk wani ƙarfe, makullin ƙofa ma da ƙyar yake juyawa. Wuta ta ɗauke cikin dare, na ce ashe halin ɗaya ne.

Da safe na taka zuwa Diskob, garin da ke maƙwabtaka da Busuwa, na ga tsohuwar ganuwar Ingilishi ta zamanin cinikin bayi. A hanyar dawowa na tarar da wata mata ta kasa albasa uku-uku a faranti. Na ɗauki ɗaya na duba, shuɗin Galmi ce, albasarmu ta Nijar, ba tantama. Da ta faɗi kuɗin a sidi na juya shi zuwa sefa a raina, sai na ajiye mata a hankali. Ka gaya wa Alhaji lodi na gaba ya ƙara buhu.