Goge layin jirgin ƙasa na lambu: inji ko sanda?

Ƙananan jiragen ƙasa na wasa da ake ɗorawa a lambu, irin waɗanda kamfanin Lehmann na Jamus ya fara fitarwa da sunan LGB a 1968, kan layin tagulla mai faɗin milimita 45 suke gudu. Ta layin ne lantarki ke isa ga jirgin, shi ya sa da tagullar ta dushe sai ka ga yana tafiya yana cijewa.

LGB na da kan jirgi na musamman mai ƙafafun gugewa biyu a gaba. Ka ɗora shi, ka koma inuwa, ya shige ramuka da ƙarƙashin gadoji inda hannu ba ya kai. Sai dai akwai tsada, ƙafafun na cinyewa, ga shi shi ma daga wannan layin mai datti yake shan wuta. In layin ya jiƙe kuwa, aikinsa ba ya kyau.

Sanda fa? Doguwa ce, irin ta masu goge bango, a maƙala mata soson Scotch-Brite. Araha, sai dai gumi. Kada dai a sa samfefa mai kaushi, karce layin take yi, datti ya samu maɓoya.

Mai gajeren layi, sanda ta ishe shi.