Wata shida ina kai yarona wajen masu gashin ƙashi a Zariya

Na je wurin nan ne da tunanin za a karɓi yaron a murza masa ƙafafu, in biya, mu dawo gida. Ranar farko ko murza shi ba su yi ba. Ni aka sa a gaba.

Yarona shawara ce ta kama shi kwana 3 da haihuwa. Muka tsaya jiƙe-jiƙe da shanya shi a hantsi, kafin mu kai asibiti ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ya kai wata 9 wuyansa bai tsaya ba, alhali sa'anninsa tun suna wata 4 suke riƙe kai. In ya firgita sai ya sanƙare ya banƙare, ƙafafun su harɗe kamar almakashi. Likita ne ya ce mu nemi inda ake koya wa iyaye atisaye, domin gashin da za a yi masa sau ɗaya a mako ba zai kai ko'ina ba in babu na gida.

Antin da aka haɗa ni da ita ta hango kofin kunu a jakata. Ta ce, "Maman yaro, ba shi in gani, yadda kike yi a gida." Na kwantar da shi a cinya, na zuba kunun a tafin hannu, na toshe masa hanci. Ɗura dai, irin wadda aka yi mana muka girma. Ban kai ga zubawa ba ta riƙe hannuna. Ba ta yi min faɗa ba, kuma wallahi da ta yi da ban koma ba. Ta tambaye ni ko yana yawan tari bayan cin abinci. Na ce kullum, har nimoniya ta kwantar da mu sau biyu. Ta ce yaro irin wannan haɗiyarsa ba ta da ƙarfi, in aka ɗura masa a kwance kunun huhu yake wucewa. Jikina ya yi sanyi. Ashe ni da hannuna.

Ta zaunar da shi a jikina, ta saita kan, haɓar ta ɗan sunkuya ƙasa. Ta sa na ƙara wa kunun kauri, ta miƙo ƙaramin cokali ta ce in ɗora a kan harshe in jira sai na ga maƙogwaro ya motsa kafin in ƙara. Rabin kofi ya ci mana kusan minti 40. Ko tari ɗaya bai yi ba. Ta ce in ya gama kada in kwantar da shi sai bayan rabin awa. A keken da ya maido ni Tudun Wada kuka na dinga yi, mai keken yana ta ba ni haƙuri, ya ɗauka rasuwa aka yi min.

Sauran abubuwan ma ba laifi: kifa shi a kan naɗaɗɗen tawul, kujerar kwali da suka nuna min yadda ake haɗawa, goyo da ƙafafu a ware. Yanzu yana riƙe kai na ɗan lokaci. A kan wannan kam kuɗinsu halal ne.

Amma ina rubuta wannan raina yana sake ɓaci. Bayan wata uku Anti ta bar wurin, ba wanda ya sanar da mu. Wadda ta gaje ta takarda ta miƙo min da Turanci ta ce in bi. A ciki akwai kaɗa masa kacau-kacau ta gefe don ya juyo. Mako biyar ina kaɗawa, yaro bai juyo ba, ita kuma kullum sai ta ce, "Hajiya, ba kya yin aikin gida." A gaban sauran mata! Sai da wata uwa a layi ta raɗa min cewa shawara mai tsanani tana taɓa ji, in je a auna kunnensa. Aka auna, jin nasa ya ragu sosai. Fayil ɗinsa na hannunsu, shawara a rubuce a shafin farko. Ina amfanin fayil ɗin?

Ga kuma dokar mutum ɗaya ga yaro ɗaya. Ni ina zuwa aiki, surukata ce ke ba shi abincin rana. Na roƙa a bar ta ta shigo ta gani da idonta ko sau ɗaya, aka ce sai dai a biya mata nata daban. Na yi mata bayani a gida, ta ce 'ya'ya takwas ta raina da ɗura ba wanda ya mutu. Shekaranjiya na dawo na tarar da kunu a wuyan rigarsa har bayan kunne, yana wannan tarin.

Talata za mu koma, ba don na huce ba. Na gaya wa babansa ya nemo kuɗin mutum biyu, da surukata za mu tafi.