Ka gama fim a Damagaram, ta wace hanya za ka fitar da shi?

Kwanan baya wani ƙanena a sana'a ya same ni a ɗakin montaj, inda muke yanka hotunan fim mu haɗa su, ya zaro kile USB daga aljihu ya ajiye a kan tebur a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Fim ne na awa ɗaya da rabi. Wata bakwai ya yi yana fama da shi, har babur ɗin da yake kabu-kabu da shi ya sayar don ya biya 'yan wasa da hayar kamera. Ya ce, "Yaya, aiki dai ya ƙare. Yanzu ina zan kai shi?"

Na ce masa ya ja kujera. Wannan tambaya ta fi ɗaukar fim ɗin wuya, kuma da so samu ne, tun kafin a kunna kamera ake yin ta.

Zamanin kaset da faifan CD abin a bayyane yake. Ka gama fim, ka kai wa 'yan kasuwa, su buga su rarraba, kowa ya san rabonsa. Daga Ƙofar Wambai ta Kano kaya ke tasowa su cika shagunan garin nan, mu kuma a nan Nijar muka raɗa wa fina-finan suna dandalin soyayya. Wannan kasuwa ta mutu, waya ce ta binne ta. Abin da ya rage hanyoyi ne huɗu ko biyar, kowace da kuɗin shigarta da abin da za ta ƙwace maka. Kuma ba zaɓen ɗaya daga cikinsu ne wahalar ba. Wahalar ita ce sanin wadda za ka fara bi, domin akwai wadda in ka fara da ita, ta rufe maka sauran duka.

Wadda ta fi kusa da hannu ita ce ta masu turi. Ka shiga Kasuwar Dole ko bakin tasha, ga matashi da kwamfuta da tarin wayoyin caji, mutane sun miƙa masa kart memwar yana zuba musu fina-finai a kan dala 10 ko dala 20. Kada ka raina su. Babu tele, babu intanet da ke kai fim inda suke kai shi: ƙauyukan Mirya, Magarya, Matamaye, har Tanut da Gure, wurin mutanen da ba su taɓa sayen forfen intanet don kallo ba. In suna kake nema a bakin jama'a, su ne. Amma sau ɗaya tak kake sayar musu. Daga waya ta farko, Xender, manhajar tura fim daga waya zuwa waya, shi ne zai ƙarasa aikin, kuma ba ya tambayar mai kaya.

Ni na ga wannan da idona. Wani fim da na yi wa montaj, mun ba wani mutum kwafi ya duba, da alkawarin ba zai fita daga hannunsa ba. Kwana uku tsakani ina wucewa ta wata fada a Zango, ana dafa shayi, sai na ji muryar jarumarmu tana fita daga wata waya. Na leƙa, ga lambobin lokaci da muke sawa a kwafin gwaji suna gudu a ƙasan hoton, ko gyaran sauti ba mu gama ba. Mai fim ɗin bai sake maganar kuɗinsa ba, sai dai Allah ya isa. Don haka masu turi hanyar ƙarshe ce. In lokacinsu ya zo, ka tara su da yawa, ku yi ciniki kuɗi hannu, kowa ya karɓi kwafinsa rana ɗaya. Kuma ka sa tallar wani ɗan kasuwa a cikin fim ɗin kansa, don yawon da zai yi kyauta ya zama abin da ka riga ka ci kuɗinsa.

YouTube shi ne abin da ke bakin kowane matashi, kuma a nan ne aka fi yaudarar kai. Kafin tasharka ta fara samun kuɗin talla, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. In ka shiga, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar da aka sa a dogon bidiyo ne naka, kuma ba a turo maka komai sai ya kai dalar Amurka 100. Tsarin biyan ba a kowace ƙasa yake buɗe ba. Najeriya tana cikin jerin, shi ya sa da yawa daga cikinmu suke jingina da wani a Kano. Ka duba jerin ƙasashen da kanka kafin ka ɗora buri a kai. Sannan kallo ba duka ɗaya ba ne. Abin da masu talla ke biya ya danganta da ƙasar da mai kallo yake, don haka Bahaushen da ke kallonka daga Saudiyya ko Faransa ya fi wanda ke unguwar Birni a nan gari kawo maka kuɗi, balle ma mutanenmu sun fi son a sauke fim a kalla ba tare da forfe ba.

Abu biyu nake duba wa mutum kafin in ce ya bi wannan hanya. Na farko, fim ɗaya ne da shi ko labari mai dogon zango? Tashar YouTube kamar teburin mai shayi ce, wanda ke buɗewa kullum shi ke da jama'a. Ba banza ba masu fim na Kano suka koma shiri mai fitowa mako-mako. Fim guda ɗaya a sabuwar tasha sai ya nutse, ba wanda ya san ya fito. Na biyu, kiɗan da ke ciki na wane ne? In ka ɗauko waƙar Indiya ko ta wani mawaƙi ka sa ƙarƙashin hoto, na'urar YouTube tana gane ta, kuɗin tallar ya tafi wurin mai waƙar, ko a toshe bidiyon gaba ɗaya. Gara ka biya yaron situdiyo na nan gari ya haɗa maka naka.

Mai fim ɗaya, sau da yawa gara ya ba babbar tasha da ta riga ta tara jama'a. Kano ba ta da nisa, wajen kilomita 240 ne, kuma can ne manyan tashoshin Hausa suke. Amma a nan ne ake cin mutum da murmushi. Wani zai saye fim ɗin dungum, wani zai ce a raba abin da aka samu, wani kuma haya ce ta wani lokaci. Sayarwa dungum tana kawo kuɗi yau, amma ko fim ya yi farin jini shekara biyar, kai ɗan kallo ne. Rabo ya fi daɗin ji, sai dai kai ba ka ganin lissafi. In ba za a riƙa nuna maka shafin kuɗin tashar ba, to amana ce kawai ka saya. Ni haya na fi so: shekara ɗaya ko biyu, a YouTube kaɗai, bayan nan fim ya dawo hannunka. Kuma a rubuta farashi da sefa. Wanda ya yi ciniki da naira kafin faɗuwarta ta 2023, aka biya shi daga baya, ya san abin da ya iso Damagaram bayan canji. Ka kuma tuna jihar Kano tana da hukumar tace fina-finai tun 2001, wanda zai saya zai tambaye ka ko fim ɗinka zai wuce.

Tele ba sai na tsawaita ba. Télé Sahel da tashoshi masu zaman kansu na Yamai, ko Arewa24 da ta fara aiki a 2014, suna ba fim daraja, iyaye su gani su yarda cewa sana'a ce kake yi. Sai dai sau da yawa lokaci ake ba ka, ba kuɗi ba, kai za ka nemo mai talla. Suna kuma da tsanani a kan sauti, wanda shi ne raunin yawancin fina-finanmu. In an nuna shi da dare, kashegari yana kwamfutar masu turi.

Wadda nake ƙauna, wadda kuma aka fi mantawa da ita, ita ce majigi: ka nuna fim ɗinka da kanka, mutane su biya a ƙofa. Ita kaɗai ce hanyar da kuɗi ke shigowa alhali fim bai bar aljihunka ba. Lissafinta ma a fili yake. A ce ka samu mutum 200, kowa ya ba da dala 100, wato sefa 500, ka tashi da jaka 100 a dare ɗaya. Cire hayar zaure ko fili, da na'urar haskawa, da lasifika, da kujeru, da man gurup, don ba a dogara da wutar gari a daren da ka tara jama'a. Abin da ya saura ba zai mayar da babur ba a dare guda, amma fim ɗin bai tsufa ba. Gobe ka kai shi wata unguwa, jibi wurin ɗaliban Jami'ar André Salifou, mako mai zuwa Mirya ko Matamaye.

Tana da wahalarta. Sai ka nemi izini a ma'aikatar magajin gari, ka gaida mai unguwa, in fili ne ka san yadda za ka kewaye shi. Damina ba lokacinta ba ce, azumi ma haka; kwanakin salla da lokacin sanyi su ne kasuwa. Ka ware wa mata nasu nunin da la'asar a cikin zaure, don su ne suka fi kowa riƙe labarin fim su kai shi gida-gida. Ka sa yara biyu suna zagayawa saboda masu ɗaga waya su ɗauki allo. Talla kuwa, sanarwa a rediyon gari da Hausa, da guntun bidiyo na minti ɗaya a TikTok da WhatsApp, sun fi fosta. In jarumin fim ɗin zai tsaya a ƙofa yana gaisawa da mutane, ya fi duka. Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi: za ka zauna a baya cikin duhu ka ji inda mutane suka yi dariya, da inda suka fara duba waya, ka koma ɗakin montaj ka rage minti goma kafin fim ya tafi ko'ina.

Saura bukukuwan fina-finai na ƙasashen waje. Nijar ba baƙuwa ba ce a nan: FESPACO ta Wagadugu ta fara a 1969, kuma ɗan Nijar Oumarou Ganda ne ya fara ɗaukar babbar kyautarta a 1972. 'Yar garin nan, Aïcha Macky, ta yi fim a kan matasan unguwar Kara-Kara a 2021, ya zagaya bukukuwan Turai, har tashar tele ta Turai mai suna Arte ta nuna shi. Amma gaskiya ita ce wannan hanya ta fi karɓar fim na gaskiyar rayuwa da gajeren fim, ba na soyayya mai waƙa biyar ba. Tana buƙatar fassara a rubuce da Faransanci ko Turanci a ƙasan hoto, da takardun haƙƙin kiɗa, da haƙurin jira na watanni. Kuma bukukuwa da yawa ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya hau intanet. Wanda ke da wannan niyya, sai ya kulle fim ɗinsa tun ranar farko.

Ko wace ka zaɓa, ka fara yi wa aikinka rajista a BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, kuma kada ka miƙa kile sai da takarda mai cewa wane haƙƙi ka bayar, a ina, na tsawon wane lokaci, a kan nawa, kuma yaushe za a biya.

Mun kalli fim ɗin ƙanen nawa tare a daren. Labarin soyayya ne da rikicin gado, da Hausar Damagaram tsantsa, ba na bukukuwan Turai ba ne, kuma ba shi da tasha. Na ce masa ya yi majigi tukuna har ƙarshen sanyi, sannan ya tafi Kano da maganar haya ta shekara ɗaya, masu turi su jira. Ya ce, "To Yaya, kilen fa?" Na ce ya sa ta a akwati ya kulle, ko ni kada ya bar mini kwafi. Da safe ya kira ni daga wurin masu hayar kujeru, yana tambaya ko 150 za su isa daren farko.