Shagon Baba mai tsofaffin sulalla a Tsohuwar Kasuwa, abin da na gano

Rabona da a miƙo min ƙwandala wai da sunan canji tun ina sakandare, shi ya sa ranar da mai teburin bakin layinmu nan Mabera cikin Sakkwato ya jefo min wata sai da na yi dariya. Sabulu na saya da ashana, saura naira hamsin tawa, ya ɗauko gwangwanin madarar da yake zuba canji ya girgiza ya leƙa, babu hamsin babu ashirin, ya ce in ɗauki alewa. Na ce ni ban shan alewa. Sai ya kife gwangwanin bisa tebur don in gani da idona, wata baƙar ƙwandala mai huji a tsakiya ta gangaro ta faɗi kusa da ƙafata, ya ce to Alhaji ga canjinka nan, tafi ka sayi gida Gawon Nama. Wai a kayan mahaifinshi ya tarar da ita tun da daɗewa ya jefa ciki ya mance. Na ɗauka na sa aljihu don wasa kawai.

Da dare na haska ta da fitilar waya, gefe guda tauraro ne mai tsini shida da 1936 a ƙasa, ɗaya gefen kambin sarauta bisa hujin, ga rubutun boko a zagaye ga kuma rubutun Larabci ƙarƙashi. Kuskuren da na yi shi ne na ɗauki hoto na tura gurup ɗinmu na WhatsApp na 'yan aji. Kafin in yi sallar isha'i an yi min kuɗinta ya kai miliyan uku, wani ya ce akwai makuri ciki, wato sinadarin nan da ake raɗe-raɗin yana kawo kuɗi, kar in bari kowa ya taɓa, wani ya kira ni har sau huɗu wai yana da mai saye daga Legas amma sai an fara biyan kuɗin gwaji. Mutum ɗaya ne cikinsu ya yi maganar hankali, ya ce in kai ma wani dattijo a Tsohuwar Kasuwa da ke sayar da kayan da, shi zai gaya min gaskiya. To shagon nan nake son in ba ku labari, don na je sau uku yanzu kuma ina ganin na isa in ce wani abu.

Samun wurin ma aiki ne. Babu allo babu suna, ɗan kabu-kabun da ya kai ni ya aje ni bakin kasuwa ya ce daga nan sai ƙafa, na yi ta tambaya ana cewa gaba kaɗan, har sai da wani mai sayar da tasbaha ya haɗa ni da yaronshi. Shago ne ɗan ƙuƙut, mutum uku in sun shiga na huɗu sai ya tsaya waje, ga tsofaffin takubba rataye, tasoshin tagulla, mundaye, dutsen guga na gawayi, fitilar ƙwai, ƙura kam ba a magana. Sulallan suna cikin fantekoki da gwangwanayen alewa irin na da, wasu kuma a ƙulle cikin tsumma ƙarƙashin buzun da yake zaune.

Na gaishe shi na miƙa mishi, ko juya ta bai yi ba ya ce "Kwabon Idiwad na, ɗana. Nawa anka ce maka?" Na ce Baba an ce miliyan uku. Ya yi dariya har hularshi ta goce, ya jawo wani gwangwani ya zazzage a faranti, wallahi irinta sak sun fi ashirin a ciki. Nan take na ji wani sanyi ya sauko min, don ƙarya nake in na ce ban fara lissafin fili ba a hanya.

Amma daga nan ne na fara jin daɗin zuwan. Ya sa na zauna kan benci, ya ce abin da ya sa mutane ke ruɗewa da wannan kwabon, sarkin Ingilan da sunanshi ke jiki, Edward na takwas, ko shekara bai cika bisa gadon sarauta ba, ya hau a farkon 1936 ya sauka a watan Disamba saboda matar da ya nace sai ya aura. A can Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunanshi ba, amma nan Afirka ta Yamma an buga an saki, tunda kwabonmu huji gare shi a tsakiya ba a buƙatar hoton kan sarki, suna kawai za a rubuta. Labarin na da daɗi, sai dai an buga su da yawa ƙwarai, shi ya sa har yau suke fitowa daga adakar tsofaffi. Ya ba ni wani ɗan gilashi irin na masu gyaran agogo ya ce in duba ta da kyau, sai ga wani ɗan mitsitsin harafi H da ban taɓa lura da shi ba. Ya ce alamar gidan da anka buga ta ke nan a Birmingham, wasu za ka ga KN, wasu babu komai. Mutumin da bai yi boko mai nisa ba fa, amma ya san wannan duka, kuma da na koma gida na bincika a intanet haka abin yake.

Sai ya shiga jera min su bisa buzu ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunansu kamar mai kiran jikoki. Anini, dari wato rabin kwabo, kwabo, taro, sisi, sule, fataka. Ni duk rayuwata ina cewa ba ni da ko anini, ban taɓa ganin aninin ba sai ranar, ɗan ƙarami ne shi ma da hujinshi, guda goma ke yin kwabo ɗaya, kwabo sha biyu sule, sule ashirin fam. Ke nan anini 120 ne a sule guda, ka ga wanda anka ce bai da ko anini ai ya kai maƙura. Ya nuna min wani mara nauyi kamar murfin kwalba, ya ce wannan na farko-farko ne na alminiyom, daga 1907 anka fara su, shekara huɗu ke nan bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, lokacin mutane wuri sunka sani, kuma har yau kalmar kuɗi da muke faɗi ai jam'in wuri ce. Wannan bai bari na riƙe shi da daɗewa ba, ya karɓe ya mai da cikin tsumma.

Faranti na biyu na 1959 ne, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ya fitar da kuɗin ƙasa na kanta, da sunan Sarauniya Elizabeth a jiki. Taron lokacin ba zagayayye ba ne, gefe sha biyu gare shi da hoton auduga. Sai na uku wanda ni ma na fara ganewa, na naira da kwabo da anka kawo ranar 1 ga Janairun 1973 zamanin Gowon, fam ɗaya ta koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma, shi ya sa iyayenmu sunka ci gaba da ce ma kwabo goma sule, kwabo biyar kuma sisi. Na daɗe ina kallon kwabo ashirin da biyar mai dalar gyaɗa, ga kwabo ɗaya mai hoton rijiyar mai, wato tun a jikin kuɗin ana nuna maka abin da zai ture wani. Akwai naira ɗaya ta Herbert Macaulay ta 1991 wadda da ita nake sayen ƙosai a firamare, da naira biyu mai launi biyu ta 2007 zamanin Soludo mai hoton ginin majalisa, wadda ko mabarata ba su yarda sun karɓa ba. Waɗannan na baya Baba ya ce in ina so in ɗiba kyauta, sun cika mishi wuri.

Inda ya burge ni ƙwarai shi ne maganar makuri. Ina zaune wasu samari biyu sunka shigo da dutsen guga a buhu da wata ƙwandala suna raɗa, wai a gwada musu ko tana jan shinkafa. Ya ce musu "Ku tahi gida. Shekara arba'in ina wagga sana'a, ban taɓa ganin wanda yay yi arziki da makuri ba, amma na ga wanda yas sai da gonar ubanai." Da yana son cuta ai ga kasuwa ta kawo kanta. Sunka fita suna gunguni, na san wani wurin za su kai kuɗinsu.

To yanzu abin da bai yi min ba, don ba yabo kaɗai na zo yi ba. Na farko Baba na wanke sulalla. Yaronshi na zaune bakin ƙofa da toka da lemun tsami yana ta dirzar su har su yi ƙyalli kamar sabbi, wai masu saye sun fi son mai walƙiya. Na ga wani sule na azurfa mai bishiyar kwakwar manja, irin na 1913 zuwa wajen 1920 kafin a koma yin su da farin tagulla mai rawaya, wanda dama saura kaɗan ne tunda maƙeran fari sun narke yawancinsu sun yi zobba da awarwaro, an dirje shi har gemun Sarki George ya shafe, duk jikinshi zane-zanen toka. Masu tara irin wannan kaya a duniya ba su son wankakke, dattin nan na shekaru shi ne shaidarshi, wankewa rage mishi daraja take. Na faɗa mishi da ladabi, ya ce "Ɗana, kai ɗai ka son dauɗa." Ban ja ba, amma duk wanda zai je ya ce a ba shi daga cikin gwangwanin da ba a taɓa ba.

Na biyu farashi ba shi da tsayayyen wuri, da fuskarka ake yanka shi. Zuwana na farko da kaftani mai guga ya ce min kwabo mai huji dubu ɗaya, zuwa na biyu na shigo da riga 'yar shara ina gumi, yaron ya ce ɗari biyar. Tawa kuma da na tambaya nawa zai saya ya ce ɗari uku, shi ma don na sha hanya. Ban ga laifinshi sosai ba tunda kasuwa ce, amma ka yi ciniki kar ka ji kunyar furfura. Kuma ka riƙo tsabar kuɗi, ba ya karɓar taransifa, ya ce bai yarda da kuɗin da ba a ji ƙararsu ba, sai da na fita neman mai POS na dawo. Ga duhu a shagon, in babu fitilar waya ba ka iya karanta shekara, sannan ba shi da lokacin buɗewa, na taɓa zuwa ƙarfe goma na tarar da kwaɗo, maƙwabcinshi ya ce ya tafi ɗaurin aure Wurno.

Abu ɗaya ne ya ƙi yi min kuɗinshi sam, liyari, babbar azurfar nan mai hoton Maria Theresa ta Ostiriya da mata ke ratayawa a wuya. Na ga 1780 a jiki na zaro ido, ya ce kar shekarar ta ruɗe ni, duk wadda anka buga bayan mutuwar matar 1780 ɗin ake ci gaba da sa mata, ko da an yi ta shekara ɗari da hamsin bayan nan, kuma jabu sun yi yawa. Ya ɗora ɗaya bisa ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa ta da wata, ta yi wata ƙara siririya mai tsawo, ya ɗauko ta biyu ya buga ta ce ƙwas ta yi shiru. Sannan ya aza ta gaskiyar a ɗan sikeli, giram 28. Ya ce ranar da na zo saye da gaske za mu yi magana, yau kallo na zo.

Da na ce mishi abin haushi mu yanzu ba mu da canjin ƙarfe balle mutum ya tsinci tsohon kuɗi a ciki, sai ya ce in dai wannan nake so in bi ta Illela in ƙetara Ƙonni ta Nijar, can har gobe da sulallan sefa ake ciniki, dala ɗaya sefa biyar, dala biyar, dala ashirin, kuma in ka zauna ka duba canjin da mai shayi ya ba ka za ka ga na shekarun 1970 na yawo abinsu, wani lokaci har na kafin 'yancin kai mai kan barewa. Ya ce rabin na gwangwaninshi na sefa direbobin hanyar ne ke kawo mishi. Na riga na gaya ma wani abokina da ke ɗaukar albasa zuwa can ya daina kashe canjinshi.

Na fito da anini ɗaya, taro mai gefe sha biyu, da kwabo ashirin da biyar mai dalar gyaɗa, duka dubu biyu bayan ciniki, ga naira biyun Soludo guda uku gyara. Kwabon Idiwad ban sayar ba, na zura mishi zare na rataya jikin makullin mashin. Da na biya ta wurin mai teburi na ba shi labari, ya ce nawa anka ce tana yi, na ce ana sayar da irinta ɗari biyar. Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, ya ce to Alhaji cire hamsin ɗinka, ina bin ka ɗari huɗu da hamsin.