Kafin ka zaɓi manhajar RSS, duba ƙofar fita

Ranar 13 ga Maris 2013 Google ya sanar da cewa zai rufe Google Reader, manhajar da mutane ke bin shafukan intanet da ita tun 2005, kuma ranar 1 ga Yulin shekarar ya rufe ta. Kwana biyu da sanarwar, Feedly, wata manhaja irinta, ta ce sama da mutum 500,000 sun komo wurinta. Waɗanda suka nufi Digg Reader kuwa gudun gara suka yi suka faɗa wa zago, domin a Maris 2018 shi ma aka rufe shi. Ko a Yulin 2025 Mozilla ta rufe Pocket, wadda ake ajiye rubutu a cikinta don karantawa daga baya. Saboda haka ni tambayar da nake fara yi wa kowace manhaja ita ce: ranar da aka rufe ki, ta ina zan fita da kayana?

Ga wanda bai saba ba, RSS wani adireshi ne da shafi ke jera duk sabon abin da ya wallafa. Sau ɗaya za ka ba manhajar adireshin, daga nan ita za ta riƙa leƙawa a madadinka. Da safe ka buɗe waya ka tarar da kanun labarai a jere, na baya-bayan nan a sama, da lamba a gefen kowane shafi mai nuna guda nawa ne ba ka karanta ba. Ba irin na Facebook ba ne da ake zaɓar maka abin da za ka gani. BBC Hausa tana da nata adireshin, tashoshin YouTube ma haka. Shafin da aka gina da WordPress kuwa, galibi ka ƙara /feed a ƙarshen adireshinsa shi ke nan.

Ƙofar fitar sunanta OPML. Ɗan ƙaramin fayil ne, bai kai nauyin hoto ɗaya ba, yana ɗauke da jerin duk shafukan da kake bi da yadda ka kasa su rukuni-rukuni. Ka fitar da shi daga tsohuwar manhaja, ka shigar a sabuwa, komai ya dawo mazauninsa. Amma a lura, jerin shafuka kawai yake kwasowa. Rubuce-rubucen da ka yi wa alamar tauraro ba sa biyo shi, sai ka nemo musu wata hanya. Duk manhajojin da zan ambata suna karɓar wannan fayil, suna kuma fitar da shi.

Feedly ce ta fi suna, kuma ta fi sauƙi ga sabon shiga. Kyauta za ka bi shafuka 100, amma rukuni uku kawai ta yarda ka kasa su, bincike a cikin abin da ka tara kuma sai ka biya. Ga mai raba siyasa daban, wasanni daban, noma daban, guraben karatu daban, ukun nan ta yi kaɗan tun ranar farko.

Inoreader, wadda wani kamfani a Bulgeriya ya fitar a 2013, ta fi sakin hannu: shafuka 150 kyauta, sai dai ka haƙura da talla. Maɓallanta suna da yawa har suna iya rikita mutum a makon farko. Duk da haka, a cikin masu buƙatar rajista ita zan ba ɗan jarida ko ɗalibin da ke karatu a waya da kwamfuta duka, domin abin da ka karanta a ɗaya ba zai sake tare ka a ɗayar ba. NewsBlur 64 kawai take bayarwa kyauta, amma tana da dabara guda: kana iya koya mata marubuci ko kalmar da ba ka so, ta riƙa ɓoye maka su. Feedbin babu tsarin kyauta sai ɗan lokacin gwaji. Kuma duk waɗannan da dala ake biyansu, abin da mai katin naira ya san ba kullum yake tafiya sumul ba.

Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da rajista, a cikin wayarka suke zaune. A Android akwai Feeder, wadda ake samu a Play Store da F-Droid (wani wurin sauke manhajojin Android), babu talla, babu biyan kuɗi. (A duba da kyau, akwai wata mai irin sunan ta wani kamfani daban.) Ita ce ta fi dacewa da mai lissafin data: ka saita ta ta sauke labarai lokacin da kake kan Wi-Fi, sannan ka karanta a mota ko inda babu sabis. Idan shafin yana sakin rabin labari ne kawai a RSS, to ka taɓa ta ɗauko cikakken kafin ka bar wurin. Aibinta a bayyane yake, waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta, jerin ya tafi. Masu iPhone da Mac suna da NetNewsWire, ita ma kyauta, tana nan tun 2002. Mai amfani da Thunderbird a kwamfuta wajen duba imel kuwa ba ya buƙatar sauke komai, tana karanta RSS.

FreshRSS da Miniflux na masu iya ɗora manhaja a kan sabarsu ne, wato kwamfutar da suke haya a intanet. Babu kamfanin da zai rufe maka su, amma kuɗin haya da gyara duk a wuyanka.

Ga mai waya ɗaya, Feeder ta isa. Mai na'ura biyu ya ɗauki Inoreader. Ko wacce ka ɗauka, da ka gama zuba shafukanka ka shiga saituna, ka fitar da OPML, ka tura wa kanka ta imel, kuma duk lokacin da ka ƙara shafuka masu yawa ka sake fitar da sabo.