Waigi, sakata da murfi: abin da za ka saya don kafe jirgin sama a wurin gyara

Ranar 15 ga Nuwamba 2007, a filin jirgin Toulouse na Faransa, ana gwajin injinan wani sabon Airbus A340-600 da za a miƙa wa kamfanin Etihad. An ɗora injina huɗun a kan ƙarfi lokaci guda, birki ne kawai ke riƙe da jirgin, ba a sa waigi a tayoyi ba. Ƙarfin injin ya rinjayi birkin, jirgin ya zabura ya hau bangon kankare. Mutane tara ne a ciki, wasunsu sun ji rauni mai tsanani, jirgin kuwa bai taɓa ɗaukar fasinja ba aka zubar da shi.

Duk mai sayo kayan aiki don kamfanin hidimar jirage ya san birkin ajiya ba abin dogaro ba ne na dogon lokaci. Matsin man haidirolik ne ke riƙe da shi, kuma yana sacewa a hankali cikin sa'o'i. Sau da yawa ma da gangan ake sakinsa bayan sauka don ya huce. Ke nan waigi ne ke ɗaukar nauyin, shi ya sa nan ya kamata kuɗinka ya fi tafiya.

Na katako shi ne mafi araha, kafinta ma zai iya sassaƙa maka. Ni dai ba na ba da shawararsa ga babban jirgi. Yana shan ruwa da mai, yana tsagewa, kuma ɓarɓashinsa idan ya watsu a fili injin na iya zuƙarsa. Na ƙarfe ko alminiyam yana daɗewa, sai dai yana zamewa a jiƙaƙƙen kankare, gefensa mai kaifi na iya yanka taya. Akwai na ƙarfe na musamman, manya masu haƙora, waɗanda ake yi don gwajin inji. Wannan aikinsa daban ne, kada ka ɗauka waigin yau da kullum zai maye gurbinsa.

Gasar gaskiya tana tsakanin baƙar roba da roba mai tauri da ake kira foliyuretan. Baƙar roba tana da nauyi, tana cizon ƙasa, iskar bayan inji ba ta kwashe ta da sauƙi. Aibinta, rana tana busar da ita har ta fara fashewa, mai yana cinta, kuma nauyinta kan sa ma'aikaci ya ja ta a ƙasa ko ya wurga ta. Foliyuretan ba ta kai ta nauyi ba, mai ba ya damunta sosai, launinta mai haske yana sa a hango ta da dare. Amma ta fi tsada, kuma mara nauyi daga cikinta na iya sulɓewa idan ƙasa ta jiƙe. A filin da rana ke dukan kankare kamar na Kano ko Yamai, sannan hadarin farkon damina ya zo da iska, zan zaɓi foliyuretan mai nauyi wadda aka manna wa roba a gindi. Idan aljihu bai kai ba, baƙar roba ta wadatar, muddin za a riƙa dubawa ana sauya wadda ta fashe.

Ka kifa waigin ka ga gindinsa kafin ka biya. Ka duba igiyar ko mariƙin, domin da shi ake zaro waigi ba tare da an tura hannu ƙarƙashin taya ba. Tsayi kuma ya dace da tayar: wanda ya ishi ƙaramin jirgi kamar ATR 72, tayar babban jirgi kamar A330 za ta iya haye shi. A saya bibbiyu, gaba da baya. Yayin zuba mai ko loda kaya taya takan baje ta danne waigi har ya ƙi fita, don haka akan bar ɗan rata, gwargwadon yadda littafin gyaran jirgin ya faɗa.

Sakatar ƙafa, wadda ke hana ƙafar jirgi naɗewa yayin da ake taɓa haidirolik, ba ta da zaɓi mai yawa. A saye ta da lambar da kamfanin da ya ƙera jirgin ya bayar. Wadda aka ƙera a wajen mai walda, ko da ta shiga ramin, ba ita ba ce.

Murfin bututun auna gudu ne abin da ake yawan rainawa. A ranar 6 ga Fabrairu 1996 jirgin Birgenair ƙirar Boeing 757 ya faɗa teku bayan tashi daga Puerto Plata ta Jamhuriyar Dominika, mutane 189 suka rasu. Ya yi makonni a ajiye, kuma masu bincike sun fi zargin zanzaro ne ya gina gidan laka a bututun. Zanzaro kuwa muna da shi, ga ƙurar hunturu a kai. Sai dai murfin da aka manta a jiki ma haɗari ne: a Yuli 2018 jirgin Malaysia Airlines ƙirar A330 ya tashi daga Brisbane ta Ostareliya da murafensa a jiki, ya dawo ya sauka da ƙyar. A Oktoba 1996 kuma salatif da aka bari a kan ramukan auna iska bayan wanki ya halaka mutane 70 a jirgin Aeroperú. Saboda haka ka zaɓi murfin da ke jure zafi, tunda bututun yana da na'urar ɗumamawa, mai dogon jan ƙyalle da ba ya koɗewa a rana. Ka haɗa da akwati mai gurbin kowace sakata da kowane murfi, yadda idan ɗaya bai dawo ba makaniki zai ga gurbin fayau kafin a ja jirgin baya.